Farin Ƙulli a Gwangwanin Mama

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a tsakar gidanmu na Sabon Gari, kuma a kwana ukun nan na gane cewa ni ce na fi kowa ƙarancin rabo a wajen uwar da ta haife ni. Matan zumuntar coci sun zo da zanensu iri ɗaya, sun yi waƙa har muryoyinsu suka dushe. Matan kasuwa sun rufe rumfuna sun zo. Maƙwabtanmu Musulmi sun cika ƙofar gida, matansu suna shigowa da kwanukan abinci. Kowace ta shigo sai ta zube a tabarma ta ce, "Yau na rasa uwa." Har wata tsohuwa da ta girmi Mama nesa ba kusa ba, ita ma haka ta ce. Ni kuwa ina gefe, idona a bushe, ina tambayarsu a zuciya: ina kuka samo wannan uwar, ni ban same ta ba?

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi, kuma har yanzu bai sake ni ba. Matar ƙanena, wadda ta zauna da Mama gida ɗaya tun da aka kawo ta, ita suke fara rungumewa su yi kuka tare. Ni sai a ɗan rusuna daga nesa a ce, "Sista, ya haƙuri?" kamar an zo yankar kati a asibiti. Na amsa gaisuwar nan har bakina ya gaji.

A rana ta biyu, wata mai sayar da atamfa, Inyamura ce amma a layinmu aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri, ta matsa kusa da matar ƙanena ta rage murya.

"To yanzu gwangwanin fa? Wa zai riƙe?"

Ina zaune taku biyu daga wajensu, ni da na shekara ashirin ina aikin jinya, amma ba ni aka tambaya ba. Saboda wannan tambayar nake rubuta abin da nake rubutawa. Ba na so a manta da Mama, kuma ba na so a tuna da ita rabi da rabi, kamar yadda ta koya wa layinmu shan magani.

Ni ce 'yar fari. A ƙauyensu Mama, can yamma da Zariya, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Iyayenta sun karɓi bishara, sun bar abubuwa da yawa na gargajiya, amma kunyar ɗan fari ta biyo su har cikin coci. Ina ƙarama sunana a bakinta "waccan", in ta matsu ta ce "ke". Da na kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Samaru sai na samu ƙarin girma, na zama "ta Samaru". In akwai mutum na uku a wajen, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina tsaye a gabanta za ta juya ta ce wa matar ƙanena, "Ki tambayi ta Samaru ko ta ci abinci." Na san al'ada ce, an sha faɗa mini. Sani bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Manja take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, tun Baba yana aikin reluwe. Tafin hannunta ja ne kullum, ko ranar Kirsimeti. Amma ba da manja aka san ta ba, da gwangwani aka san ta.

Babban gwangwanin madarar gari ne, fentinsa ya goge, yana zaune a ƙarƙashin gadonta. Dokarsa ɗaya ce: duk wanda ya yi ciwo a layinmu ya sha magani, da zarar ya ji sauƙi sai ya kawo ragowar. Mama ba ta iya karatu ba, don haka ba ruwanta da sunan da aka buga a jikin leda. Sai ta nemi ƙyallen zanen mai maganin, ko wanda ya yi kama da shi, ta ƙulle ragowar a ciki. Kowane ƙulli da sunan mai shi. Akwai "na matar fasto", na tari ne. Akwai "na mai atamfa", na murɗar ciki. Akwai "na direba", wanda ake buɗe kafson a barbaɗa garinsa a kan miki. Yawancinsu kafso ne, ja da baƙi, ja da rawaya, irin maganin kashe ƙwayoyin cuta da mu a asibiti ba ma bayarwa sai da takardar likita, kuma sai mun ja kunne a shanye duka. Ita kuwa biyu take bayarwa, ko uku in ta ga ido ya faɗa. In aka tambaye ta yadda ta san adadin sai ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ko sisi ba ta taɓa karɓa ba. Abin da ta tsana shi ne ta ji wani ya warke yana ci gaba da sha. A wajenta wannan rowa ce tsagwaronta, kamar mutum ya ƙoshi ya ci gaba da tura tuwo maƙwabcinsa yana kallo. "Mai lafiya ba ya shan magani," haka take cewa, "sai in baƙin ciki yake kada wani ya samu." Da wannan maganar ta tarbiyyantar da layi guda. A wajenmu shanye magani abin kunya ne.

Baba ne ya ba ni asalin abin, ita ba ta taɓa faɗa ba. Yaron da aka haifa bayana namiji ne, bai cika shekara biyu ba ciwon ƙirji ya kama shi. Suka yi sammakon asibiti, suka yi layi har rana ta take, aka rubuta musu wani magani na kwalba. Abin da ke hannunsu bai kai ba. Kafin Baba ya haɗo, yaron ya cika. Bayan sati biyu Mama ta je zubar da shara, ta ga irin kwalbar nan a bola, rabinta da magani, wani gida sun warke sun jefar. Baba ya ce ta ɗauko ta, ta wanke bayanta, ta ajiye a ƙarƙashin gado. Kwalbar nan ce ta haifi gwangwanin.

Ya kamata in faɗi yadda take karɓar mai ciwo, domin a nan kishina ya fara. Ba ta fara da gwangwani. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta dama kunu, ta ɗora jan tafin nan nata a goshin mutum ta bar shi a wajen. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi akuyar da ta ɓata bara. Sai ta ji labarin gidan kaf sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin gado. Ina leƙe daga bayan labule, ina kallon hannun nan a goshin 'ya'yan mutane. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, a bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Baba, "Ka duba waccan, jikinta da zafi." Har yau ban san yadda aka yi ta san da zafin ba, tunda ban taɓa ganin ta taɓa ni ba.

Ina jin don hannun nan na shiga makarantar jinya. Na ce in ba za ta taɓa ni ba, aƙalla za ta tambaye ni. Ranar da aka ba mu farin kaya na farko, ban tsaya ko'ina ba sai rumfarta. Na tsaya a gabanta fes, hula a kai, takalmi yana ƙyalli, matan rumfunan kusa suna ta guɗa. Mama tana ɗura manja a kwalba, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wa maƙwabciyarta, "Ki ce ta matsa can, manja ba ya kunyar farin kaya." Ban matsa ba, don taurin kai. Mazurarin ya goce, ɗigo uku suka sauka a gefen rigar. Na koma gida ina huci, na tuɓe rigar na jefa a kwandon wanki, na ce ba zan ƙara sa ta ba. Ban ƙara ganinta ba, na ɗauka an yi tsumma da ita.

Shekaru suka wuce ina Samaru tana Sabon Gari, kowa da asibitinsa. Nawa yana da likita da ɗakin gwaji, nata ya fi nawa jama'a. Na yi ta haƙuri har ranar da na ga mara lafiyata a kan tabarmarta.

Wata mata ce daga Hanwa, mai sayar da ganye. Da safe ta zo wajenmu da ciwon mara, likita ya rubuta mata awon fitsari, ni da kaina na ce ta dawo gobe. Da la'asar na biya gida in gai da Mama, sai ga ta zaune tana shan kunu, kafso biyu a tafin hannunta.

"Ba ke ce na ce ki kawo fitsari gobe ba?"

"Ni ce, Sista."

"To me ya kawo ki nan?"

Ta ajiye kofin. Ba ta ji tsorona ba, tunda a gidan Mama take.

"Sista, in na zo wajenku na yanki kati na bi layi, kasuwar ranar ta tafi, ganye kuma ba ya jiran gobe. A ce gwaji, a ce dawo jibi. Likitan sa'an ɗana ne, yana tambayata abin da ko maigidana ban faɗa wa ba. Ke kuma, ki yi haƙuri, tun da na shiga har na fita ba ki ɗago kai daga takarda ba. Mama kuwa ta san sunan 'ya'yana."

Da ƙarya ta yi da na yafe mata. Gaskiyar ce ta tunzura ni. Na juya kan Mama na ce, "Mama, kin san ɓeran da ya ci guba kaɗan bai mutu ba? Gobe ko kin zuba masa ba za ta kashe shi ba, 'ya'yansa ma haka. Abin da kike yi wa ciwo ke nan. Kina ba shi kaɗan-kaɗan yana sabawa. Ranar da za a nemi maganin da gaske, ba zai ci ba."

Mama ta dubi matar ƙanena. "Ki tambayi ta Samaru, wanda ba shi da halin sayen tarko, ya zauna ɓera ya cinye shi?"

"Ni za ki tambaya, Mama, ga ni a gabanki."

"Ki ce mata kunu yana nan in za ta sha."

Nan na yi abin da layinmu bai manta ba har yau. Na shiga ɗaki na jawo gwangwanin, na wuce bayan gida, na kwance ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya na zazzage a masai. Na matar fasto, na direba, duka. Na fito ina jiran faɗa, ina ma son a yi faɗan, ko ba komai za ta dube ni ido cikin ido. Sai ta ce wa matar ƙanena, "A wanke ƙyallayen a shanya." Kafin sati biyu gwangwanin ya fi da cika, don gida-gida aka riƙa kawo mata ragowa kamar ana kai gudummawar gobara. Ni kuma in na ratsa kasuwa sai in ji ana cewa a bayana, albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Gaskiyata ta fito, amma ba ta saya mini komai ba. Bayan 'yan watanni ciwon matar Hanwa ya hau har baya, tana rawar sanyi, ba ta iya miƙewa. Mama ce ta ɗauko ta a keke mai ƙafa uku har Samaru. Ba ta shigo ba, ta zauna a kan benci a bakin get, matar ƙanena ta rako ta ciki. Saƙon da aka kawo mini shi ne, "Mama ta ce wannan ya fi ƙarfin gwangwani." Sati guda muna yi mata allura kafin ta tashi. Da ta warke, gidan Mama ta kai kwandon alayyafo na godiya. Haka abin ya riƙa tafiya: sai ciwo ya gagara a turo mini. Ni ma ragowa ake kawo mini.

Ba na so mai karatu ya ɗauka muguwa ce, ko wawuya. Na ga Mama ta bar rumfarta kwana huɗu tana jinyar wata baƙuwa da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta ita kaɗai a ɗakin haya. Na ga ta hana wani magidanci kafso ta ce, "Kai ba magani kake nema ba, ka je ka shirya da matarka." Rabin waɗanda suka warke a tabarmarta kunu da sauraro ne suka warkar da su, kafson ya karɓi yabo a banza. Sauran rabin ne ke hana ni sukuni.

Da ciwo ya zo kanta, ba ni ta faɗa wa ba. Wata guda tana fama da zafin fitsari da zazzaɓi, tana kwance ƙulli tana sha, yau na wannan gobe na waccan. Matar ƙanena ta sani, Hajiya ta gidan da ke jikin namu ta sani, mai atamfa ta sani. Ni sai da ta kasa zuwa coci ranar Lahadi sannan aka kira ni. Na kai ta aka yi awo. Takardar gwajin ta fito da jerin magunguna, a gaban kusan kowanne an rubuta cewa ba zai yi aiki ba. Likita ya sa biro a kan guda ɗaya da ya rage, ya dube ni ya ce, "Sista, kin san abin da wannan yake nufi. Safe da yamma, kwana bakwai, kada a tsallake ko ɗaya."

Ƙwaya goma sha huɗu. Sai da na zaga kemis huɗu kafin na samu. Ban ba matar ƙanena ba, na ce wannan karon ni zan yi. Kafin in tafi aiki in hau keke daga Samaru in zo, in na tashi in sake dawowa. In ɓallo ƙwayar in sa mata a jan tafin nan, in tsaya har ta haɗiye. Ba zan yi ƙarya ba, kwana ukun nan sun yi mini daɗi. Uwata tana karɓar magani daga hannuna.

A rana ta uku da yamma zazzaɓin ya sauka, ta tashi zaune ta ci tuwo. Ta haɗiye ta shida, ta miƙa wa matar ƙanena kofin ruwan, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Sannu 'yata, kin sha wahala da ni." Sannan ta ƙara da cewa, "Ki ce wa ta Samaru ta huta haka nan. Kullum tana tsaye a kaina kamar gandiroba."

Wasa take yi, yanzu na sani. A lokacin kalmar "'yata" kawai na ji, da hannun da ke kan kafaɗar wata. Na ajiye ragowar takwas ɗin a kan tebur na ce, "To ga shi nan, 'yarki ta ba ki." Na ɗauki jakata na fita. Ban koma ba sai waya. In na kira na tambaya, sai in ji muryarta daga nesa tana cewa, "Ki ce mata na shanye." Matar ƙanena ta ce Mama ta karɓe maganin ta ce ita ba yarinya ba ce da za a riƙa ɗura mata. Wa zai yi musu da Mama a ɗakinta?

Bayan sati uku ciwon ya dawo, ya kama ƙoda. Muka kwana tara a babban asibiti, ƙarin ruwa da allurai iri-iri. Ta cika da hantsi, matar ƙanena tana riƙe da hannunta na dama, ni ina riƙe da robar ƙarin ruwa ina gyara ɗigonsa. Likitan ya ce shekaru ne, ga kuma suga, kada in ɗora wa kaina. Na gode masa, irin maganar da ni ma nake faɗa wa mutane ce.

Rana ta huɗu bayan jana'iza, da baƙi suka ragu, manyan matan layi suka taru a ɗakin Mama don a yanke maganar gwangwani. Hajiya ce babba a cikinsu, shekara arba'in katanga ɗaya ta raba su da Mama. Ita ta jawo shi ta buɗe, tana fito da ƙulli ɗaya-ɗaya tana faɗin sunansa, matan suna share hawaye kamar ana kiran sunayen dangi. Ina tsaye a bakin ƙofa na harɗe hannu, ina jira su gama in kwashe in ƙona.

Can ƙasa ta ciro wani farin ƙulli. Duk sauran atamfa ne, shi kaɗai ne fari. Yadin ya tsufa ya yi laushi, a gefensa akwai tabon manja ɗigo uku da wanki bai fitar ba.

Na ce, "Hajiya, ba ni wannan."

Ta miƙo mini. Na kwance. Ƙwayoyin da na zaga kemis huɗu ina nema ne, guda biyar.

"Wannan na ta Samaru ne," in ji Hajiya, kamar ba ni ce a gabanta ba. Sai ta tuna, ta gyara. "Naki ne, 'yar nan. Ba ta ba kowa shi sai wanda ta ga ya jigata ƙwarai, shi ma ɗaya tak. Mutum uku ta ba."

"Ta ce mini ta shanye."

"Ta ce ta ji sauƙi, ba za ta cinye irin wannan ita kaɗai ba. Cewa ta yi, 'Yata ce ta zaɓo shi da takardar gwaji, duk Zariya babu irinsa.'"

Na ce, "Wa ta ce?"

"'Yata. Ai haka take ce miki in ba kya nan." Hajiya ta dubi sauran matan, suka gyaɗa kai. "Mu kam mun gaji da labarinki. Ta Samaru ta yi kaza, ta Samaru ta tashi matar Hanwa daga bakin kabari. Ranar da kika zubar da magani a masai ma, da yamma ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce, 'Kin ga zuciya irin tawa?' Rigar nan kuwa tana ƙasan akwatinta, gefen kawai ta yanka."

Na yi lissafin a tsaye. Shida na ba ta da hannuna, uku ta bayar, biyar ga su. Tun ranar da na ɗauki jakata na fita, ko ɗaya ba ta ƙara sha ba. Da na haɗiye kishina na ƙara kwana huɗu ina hawa keken nan, da ta haɗiye takwas ɗin, ko don ta rabu da gandiroba.

A nan na yi kukan da ban yi ba a kwana ukun makoki. Kuma ko a cikin kukan, Allah ya gafarta mini, kishi nake. Shekara da shekaru tana faɗin kalmar nan ta kan katanga, a rumfar kasuwa, a bencin bakin get, kowa a Sabon Gari ya ji ta ya ƙoshi, ni kaɗai ce ban ji ba. Matar ƙanena ta taso ta riƙe ni. Na bar ta ta riƙe ni, don ba ta taɓa yi mini laifin komai ba sai zama kusa.

Da na natsu Hajiya ta ce, "To, wa zai riƙe?"

Na ce, "Ni."

Ba su so ba, na gani a fuskarsu. Amma ba mai ja da 'yar fari a kan kayan uwarta.

Na kwashe abin da ke ciki na kai inda muke ƙona irinsa a wajen aiki. Ƙyallayen na wanke na shanya, na ninke na mayar. Farin ƙullin kaɗai na bari yadda yake, da biyar ɗinsa. Gwangwanin yana nan a ƙarƙashin gadon, ni kuma na dawo ɗakin da zama, ina zuwa Samaru daga nan.

Ba a yi sati ba mai atamfa ta yi sallama da safe, da leda a hannu. Ƙirji ya dame ta, ta je asibiti an rubuta mata na kwana biyar, ta sha na biyu ta ji garau.

"Ga ragowar, Sista. A sa a gwangwanin Mama, wani zai samu."

Na shimfiɗa mata tabarma. Na dama kunu, bai kai na Mama ba, ta sha don kara. Na tambayi 'ya'yanta, na kuskure sunan na biyun ta gyara mini. Sannan na ɗora hannuna a goshinta na bar shi a wajen, ni da ita duk muna jin nauyin abin. Na ɓallo ƙwaya ɗaya na sa mata a tafi.

"Haɗiye."

"Na warke fa. Mama da tana nan cewa za ta yi rowa ce."

"Mama tana da biyar a ƙarƙashin gadon nan da ta bar wa wani. Kin ga inda suka kai ta."

Ta dubi ƙofar ɗakin, ta haɗiye. Da za ta tafi ta yi ƙunƙuni, ina ji, wai albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Na ce mata ta ajiye ledar a inda zan gani, da yamma zan biyo ta rumfarta, gobe ma haka, har sai ta ƙare.

"Kullum za ki zo, Sista? Ba ki da aikin yi ne?"

"Kullum."

Ubangiji ya ba Mama hutawa, ya yafe mata abin da ta yi cikin rashin sani da yawan tausayi, ya yafe mini abin da na yi ina sane. Mai atamfa kuwa ta riga ta faɗa wa rabin kasuwa cewa an sa mata gandiroba. Ta faɗa ta ƙara. Saura kwana biyu maganinta ya ƙare, kuma wannan karon ko me aka kira ni, ba zan ɗauki jakata ba.